Tsatsa Ba Ta Jiran Kasafin Kuɗi: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Sojin Ruwan Amurka

Zuwa ga Sakataren Rundunar Sojin Ruwan Amurka, da Shugaban Sashen Bincike na rundunar, da shugabannin cibiyar bincike ta NRL da ke Washington.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinku. Ni malami ne, ina koyar da ilimin ƙarafa da sauran kayan ƙira. Kafin in shiga aji na yi shekaru ina duba walda, ina kuma bin diddigin abin da ke karya kayan inji. Da yawun ire-irena nake magana: malamai, masu walda, masu duba jikin jirgi, da ɗaliban da muke rainowa a wannan fanni. Ba ma cin albashinku, ba mu da ƙuri'a a majalisarku. Sai dai kaso mai tsoka na abin da muke koyarwa daga cibiyarku ya fito, don haka idan muka ga ana sakaci da tushen, muna ganin muna da bakin magana. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ku ba ni dama in fara da abin da ya sa muke ganin girmanku, domin a kansa sauran maganar za ta hau.

Ranar 16 ga Janairun 1943, jirgin dakon mai Schenectady yana ɗaure a tashar Portland, sabo fil, bai jima da dawowa daga gwajin teku ba. Ruwa kwance, babu hadari, babu abokin gaba. Kwatsam ya tsage gida biyu. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Cikin jiragen dakon kaya samfurin Liberty 2,710 da aka ƙera a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da dama sun yi mummunar tsagewa, wasu ma sun rabe a tsakiyar teku. Da fari masu walda aka ɗora wa laifi, kamar yadda aka saba, don su ne ba su da mai kare su. Sai Constance Tipper ta jami'ar Cambridge ta nuna cewa ƙarfen kansa ne ke sauya hali: in sanyi ya kai wani mataki, ƙarfen da ya saba lanƙwashewa sai ya koma karyewa kamar tangaran. Daga nan mutanenku suka ɗauki zaren. William Pellini ya fito da gwajin da ake sako nauyi a kan faranti mai ɗigon walda, ana ta rage zafi har a gano matakin da ƙarfen ke daina juriya. George Irwin kuma, a 1957, ya ba duniya lissafin da ke auna ƙarfin da ke taruwa a bakin tsaga. Ma'anar aikinsa a taƙaice ita ce: babu ƙarfen da ba shi da aibi a ciki, abin tambaya shi ne tsawon da tsagar za ta kai kafin ta ruga. Yau mai ƙera jirgin sama, da mai gina gada, da mai shimfiɗa bututun gas, duk da wannan lissafi suke kwana suke tashi.

Kowace shekara ina yi wa ɗalibaina wani ɗan gwaji. Sanda biyu na ƙarfe iri ɗaya, kowanne an yi masa ɗan tsagi. Ɗaya a zafin ɗaki, ɗaya na tsoma shi a abin sanyi. Na farko in guduma ta sauka sai ya lanƙwashe, ya yi ta gardama kafin ya rabu. Na biyu sai ka ji ƙas, ya faɗi gida biyu, fuskar karayar tana ƙyalli kamar gishiri. Ajin kan yi tsit. Daga nan nake ambatar sunan cibiyarku, in ce musu a gefen kogin Potomac aka buɗe ta ranar 2 ga Yulin 1923, bayan shawarar da Thomas Edison ya bayar tun 1915.

To wannan gwaji da ɗalibai ke yi wa tsit, shi ne kukana na farko.

Daga 1985 zuwa 2017, wata masaniyar ƙarafa da daga baya ta zama shugabar sashen gwajin ƙarfe a wata masana'antar zubi da ke Tacoma ta riƙa sauya sakamakon gwaji a kan ƙarfen da ake zuba wa jiragenku na ƙarƙashin teku. Zubi sama da 240, kusan rabin abin da masana'antar ta yi wa rundunar. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen shi ne a bugi ƙarfen a sanyin digiri 73 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas, ita kuwa tana ganin wannan sharaɗi shirme ne. A 2022 kotu ta yanke mata watanni 30. Na sani ba a ce wani jirgi ya lalace saboda wannan ba, na kuma sani ba cibiyar NRL ce ke da alhakin karɓar kayan kwangila ba. Amma shekara 32, ranku ya daɗe! Wanda ya gano abin ma ba mai binciken gwamnati ba ne, wani ma'aikaci ne na cikin gida da ake horarwa ya gaje ta, ya ga an taɓa alƙaluman da ke kan katin gwaji. Ashe duk tsawon wannan lokaci takarda ake karɓa, ba ƙarfe ba. Rundunar da ta koya wa duniya yadda sanyi ke cin amanar ƙarfe, ita ce aka yi wa wasa da gwajin sanyi, kuma ba ta farga ba. Abin da ya biyo baya kuwa ku kuka fi mu sani: sake bin sassa ɗaya bayan ɗaya, ƙarin dubawa, ƙarin kuɗi, da matasan da ke nutsewa ɗaruruwan ƙafa a cikin jirgin da ba a da cikakken yaƙini a kan kowane sashensa.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna da jirginku na ƙarƙashin teku, Thresher. Ranar 10 ga Afrilun 1963 ya nutse gabas da Cape Cod da mutum 129, babu wanda ya fita. Kotun bincike ta fi karkata ga cewa mahaɗin wani bututun ruwan teku ne ya saki. Daga wannan rashi aka kafa tsarin SUBSAFE, wanda ginshiƙinsa shi ne kowane sashe mai muhimmanci ya zo da hujjar da za a iya bi har tushe. Tsari ne mai kyau, ya kuma ceci rayuka. Amma hujjar da hannu ɗaya ke rubutawa, babu wani hannu da ke sake gwadawa, amanar wannan hannun kaɗai ta dogara a kai.

Na taɓa ganin ƙaramin irin wannan da idona, a wata masana'anta da ba sai na ambata ba. Wani sanda ya karye, na nemi takardar gwajinsa, aka kawo. Alƙaluman sun yi kyau, har kyawun ya yi yawa: zubi biyar, sakamako ɗaya, ko ɗigo bai bambanta ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin gwaji ya san ƙarfe ba ya maimaita kansa haka. Da na matsa, sai wani yaro ya ce mini injin ya fi wata shida a lalace. Ba mugunta ce ta sa su ba. Gaggawar isar da kaya ce, da sanin cewa babu mai zuwa ya duba.

Kuka na biyu ya shafi inda kuɗi ke tafiya, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Tun 1761 sojin ruwan Birtaniya suka lulluɓe ƙasan jirgin Alarm da jan ƙarfe don hana tsutsa cin katako. Ba a jima ba aka ga ƙusoshin baƙin ƙarfe da ke taɓa jan ƙarfen sun zagwanye. Dalili kuwa, in ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu a ruwan gishiri, batir ne aka haɗa, ɗaya zai riƙa narkewa don ɗayan ya tsira. A 1824 Humphry Davy ya juya wannan cuta ta zama magani: a liƙa guntun tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jirgi, shi ya ci wuya a madadin jirgin. Wannan darasi yana shafin farko na kowane littafin tsatsa. Amma ga jirginku Independence, mai jikin alminiyam da injinan tunkuɗa ruwa na ƙarfe, ya shiga aiki a Janairun 2010, zuwa 2011 an riga an samu tsatsa mai tsanani a daidai inda ƙarafan biyu ke maƙwabtaka. A 2021 aka sallame shi daga aiki. Ban ce tsatsa kaɗai ta yi masa ritaya ba, dalilan suna da yawa. Amma ciwon da aka san maganinsa tun zamanin jirgin filafilai bai kamata ya kama jirgin wannan ƙarni cikin shekara guda ba.

Haka labarin jiragen yaƙinku samfurin Ticonderoga, waɗanda aka yi ginin samansu da alminiyam mai yawan maganisiyam. In irin wannan alminiyam ya daɗe yana shan zafin rana da na inji, maganisiyam ɗin kan tattaru a kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen, ruwan gishiri ya bi wannan layi yana ci, nauyi kuma ya ƙarasa aikin. Tsagogi dubbai aka ƙirga a jiragen. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa bangon daga ciki yake fara ruɓewa, ido ba ya gani. Ƙididdigar da ma'aikatar tsaronku ta daɗe tana ambata ita ce tsatsa na cinye mata kusan dala biliyan 20 a shekara.

Yanzu a ajiye wannan a gefe, a ɗauko bindigar lantarki. Daga 2005 aka fara aikinta, a Disambar 2010 aka yi harbin da ya kafa tarihi a filin gwajin rundunar da ke Dahlgren, hotuna suka zaga duniya. Bayan an kashe kimanin dala miliyan 500, a 2021 aka jingine ta. Cikin manyan abubuwan da suka kayar da ita har da wannan: dogayen ƙarafan da harsashin ke bi suna cinyewa da wuri saboda zafi da gogayya da wutar da ke ratsa su. Wato ko makamin da aka yi ta yi wa kirari, a ƙofar masu ilimin ƙarafa ya zo ya durƙusa. Ba ina cewa kada a gwada sabon abu ba ne, bincike dama ya gaji faɗuwa. Abin da nake cewa shi ne, fenti da walda da tsatsa ba sa yin kyau a hoto, ba a gayyatar 'yan majalisa su kalli faranti yana jiƙa a ruwan tashar gwajin tsatsa ta cibiyarku da ke Key West shekara biyar, don haka a ranar rabon kuɗi su ne marayu.

Tsarin kuɗin cibiyar ma yana ƙara wa wannan ciwo gishiri. Akwai kason bincike na asali da ke zuwa ta ofishin binciken rundunar, amma galibin kuɗin daga masu ba da aiki yake fitowa, kowane mai bincike sai ya samo wanda zai biya sa'o'insa. Mai ba da aiki kuwa sakamako yake so kafin wa'adinsa ya cika. To wa zai biya kuɗin tambayar da amsarta ke buƙatar shekara goma sha biyar? Ku tuna da Jerome Karle da Herbert Hauptman. A farkon shekarun 1950 suka fitar da lissafin gano yadda ƙwayoyin zarra ke jere a cikin daskararren abu ta hanyar hasken eksire. Masana da yawa suka ƙi yarda. Sai da Isabella Karle, ita ma a cibiyarku, ta yi ta aiki da hanyar a shekarun 1960 tana warware sinadarai ɗaya bayan ɗaya, sannan aka sallama. Kyautar Nobel ta zo a 1985, ga mazan biyu, ita ba a sa sunanta ba, wannan kuma wata magana ce ta daban. Tambayata gare ku: in yau wani matashi ya zo da irin wannan lissafi da babu mai yarda da shi, shekara nawa tsarinku zai iya haƙuri da shi?

Kuka na uku shi ne kumfar kashe gobara, kuma ina yin sa ne da sanin cewa alheri aka nufa. A shekarun 1960 masu bincikenku, tare da kamfanin 3M, suka samar da kumfar AFFF, wadda ke shimfiɗa siririn mayafi a kan man da ke ci, ta toshe tururinsa. Gobarar jirgin Forrestal ta 29 ga Yulin 1967, wadda ta ci mutum 134, ta sa aka ga ba makawa sai da ita. Allah kaɗai ya san yawan waɗanda ta ceta tun daga lokacin, a jiragen ruwa da filayen jirgin sama na duniya. Amma sirrin ƙarfinta shi ne sinadaran PFAS, masu haɗin kabon da fulorin wanda ƙasa da ruwa da rana ba sa iya warwarewa. Shekara da shekaru ana atisaye da ita, tana malala, tana shiga rijiyoyi. Ma'aikatar tsaronku ta lissafa wurare sama da 700 da ake bincika ko sun gurɓata. A ƙarshen 2023 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa PFOA, ɗaya daga cikin sinadaran PFAS, cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. A Afrilun 2024 hukumar kare muhallinku ta ƙayyade PFOA da ɗan uwansa PFOS a ruwan sha zuwa kashi 4 cikin tiriliyan. Majalisa ta ba da wa'adin 1 ga Oktoban 2024 a daina amfani da kumfar a sansanonin tudu, wa'adin ya zo aka nemi ƙarin lokaci, jiragen ruwa kuwa tun farko an keɓe su daga dokar.

Na fahimci dalilin keɓewar. Gobara a tsakiyar teku ba ta da ƙofar gudu, kuma ƙa'idar kumfa marar fulorin da kuka fitar a Janairun 2023 ta tudu ce kawai. Amma ƙa'idarku ta soja ce ta sa duniya ta rungumi wannan kumfa, filayen jirgin sama da matatun mai na ƙasashe da dama ku suka kwaikwaya, kuma yawancinsu ba su da ɗakin gwajin da zai auna kashi 4 cikin tiriliyan, balle kuɗin tace rijiya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Gidan da ya ƙirƙiro kumfar shi ya fi cancanta ya ƙirƙiro magajiyarta, ya kuma koya wa kowa yadda za a rabu da tsohuwar.

Na huɗu gajere ne. Bayan kowane Irwin akwai mai goge samfur, mai injin yanka, mai hura gilashi, mai walda, waɗanda sunansu ba ya fita a takarda. Na yi aiki da wani dattijo da in ya kalli fuskar karaya da ƙaramin madubi zai ce maka ga inda ta faro, ga kuma kusan tsawon lokacin da ta ɗauka tana rarrafe. Da ya yi ritaya ba a ɗauki kowa ya zauna kusa da shi ba ko na wata shida. Injinan suna nan, idon ya tafi. Ina roƙon kada irin wannan ta faru a gidanku.

Ga abin da muke nema.

Muna roƙon ku ba masu binciken ƙarafa na rundunar iko da kuɗi su riƙa ɗaukar samfur daga kayan kwangila ba tare da sanarwa ba, su sake gwadawa a ɗakinsu, musamman zubi da walda na jiragen ƙarƙashin teku. A kuma riƙa karɓar ainihin bayanan da injin gwaji ya fitar, ba alƙaluman da aka kwafa da hannu ba. Lissafi mai sauƙi ma yana iya tona sakamakon da kyawunsa ya wuce kima.

Muna roƙon a ware wa binciken tsatsa, tsagewa, walda da fenti kaso tsayayye na shekaru masu yawa, wanda ba zai dogara da samun mai ba da aiki ba, kuma ba za a taɓa shi ba duk lokacin da wani sabon makami ya nemi ƙari. Haka nan kada a amince da zanen sabon jirgi sai masanin tsatsa ya sa hannu, kuma in za a cire wata kariya don rage kuɗi, a rubuta sunan wanda ya yanke shawarar da dalilinsa.

A kan kumfa, muna son ku faɗi ranar da kuke sa ran samun wadda za ta yi aiki a jirgi ba tare da fulorin ba, ku riƙa bayyana inda aka kwana a kai a kai. Sakamakon gwajin sababbin kumfa, da hanyoyin wanke tankuna da lalata tsohuwar, a buɗe su ga kowa kyauta. Babu sirrin yaƙi a cikin yadda ake tsabtace rijiya. Kuma kafin wani sabon sinadari ya shiga ƙa'idar soja, a tambayi inda zai ƙare bayan shekara hamsin, ba saurin kashe wutarsa kaɗai ba.

Muna kuma roƙon tsofaffin rahotanninku na karaya da tsatsa, waɗanda ba su da alaƙa da sirrin tsaro, a tace su a sa a intanet yadda ɗalibi zai same su cikin sauƙi, har da na gwaje-gwajen da ba su yi nasara ba. Mu a aji, rahoton abin da ya karye ya fi mana amfani sau goma a kan sanarwar abin da aka ƙaddamar. Sannan kowane ƙwararren ma'aikacin hannu da ya kusa ritaya, a haɗa shi da matashi tun da sauran shekara biyu, a kuma biya kuɗin wannan zama daga asusun cibiyar, kada a bar shi a wuyan wani aiki da zai ƙare a watan Satumba, ƙarshen shekarar kasafin kuɗinku.

Zangon karatu mai zuwa zan sake tsoma sandana a sanyi in buga shi a gaban sababbin ɗalibai. Zan ba su labarin Schenectady da Pellini kamar kullum, kuma tun da abin ya faru, dole in haɗa musu da na Tacoma. Ɗaya daga cikinsu zai ɗaga hannu ya tambaya me aka canza bayan haka. Ina roƙon ku aiko da amsar da zan ba shi.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin ilimin ƙarafa, a madadin abokan aikinsa.